Hayaƙin Soya da Laftof ɗin Usmanu

Ku samarin da kuke tsayawa bakin shagona bayan la'asar kuna kallon hannuna, kada ku ɗauka ban san abin da kuke faɗa in kun juya baya ba. Wai mene ne abin wuya a ciki? A kwance sukuru, a hura iska, a rufe, shi ke nan. Rannan ma ɗayanku ya miƙo mini waya, wai in ga wani Bature yana wanke laftof a kan farin tebur, da safar hannu, ko ƙuda babu a ɗakin. To, madalla da Bature. Ku aika masa da wadda ta shekara a nan unguwarmu ta Brik tana shaƙar hayaƙin soya, wato tsire, mu ga ko safar za ta fita da farinta.

Ni Iliya, a unguwar nan aka yanke mini cibiya. Fataucin goro ne ya kawo kakana Yawunde daga ƙasar Kano, bai koma ba. Mahaifina tela ne, ya so in gaji keke, ni kuwa kunnena yana wajen rediyo. Da ya gaji da dukana sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai gyara a unguwar Ekudu, mutumin Kumba ta yankin Ingilishi, Mista Tabi muke ce masa. Gajere ne mai baƙin rai. Hausarsa ba ta wuce zagi ba, ni ma Turancin Fijin ɗina a lokacin bai wuce "zo" da "tafi" ba.

Wata da watanni bai bar ni na taɓa sukundireba ba. In an kawo rediyo ko talabijin sai ya kunna, ya kama ƙeyata ya dangwara hancina a bayan abin, in shinshina. Sannan ya ɗauki tafin hannuna ya ɗora inda iska ke fita. Sannan kunne. Sai na faɗa masa ciwon kafin ya buɗe, in na kuskure ya ranƙwashe ni. A lokacin na tsane shi, wallahi. Amma duk lomar da na kai baki a rayuwata daga wannan ranƙwashin ta fito. Rediyo ta wuce, bidiyo ya zo ya wuce, kwamfuta ta shigo, kayan aiki suka canza, hanci da tafin hannu da kunne kuwa suna nan inda suke.

Laftof ta farko da na buɗe saboda zafi ta ɗan wani mai sayar da yadi ce. Yaron ya ce in ya fara wasan ƙwallo, kafin a tafi hutun rabin lokaci sai ta ɗauke ɗif. Uban kuwa ya rantse hannu aka sa mata, har ya tofa mata addu'a. Na tambayi yaron a ina yake ɗora ta. Ya ce a kan katifa. Ka ji fa! Abu yana numfashi ta ciki, ka kwantar da shi a kan soso, sannan ka ce ya yi maka gudu.

Bari in gaya muku yadda abin yake, tunda wayar ba ta gaya muku ba. A cikin laftof akwai wani koren faifai da komai ke zaune a kansa, mu nan plak muke ce masa. A kan plak akwai ƙwaƙwalwa, ba ta fi farcen babban yatsa ba, ita ke yin zafi. In rubutu kake yi, ɗumi kawai za ta yi. In ka sa mata wasa, 'yan ƙwallo na gudu, 'yan kallo na tsalle, ciyawa na motsi, duk a kanta suke, sai ta yi zafin da zai soya ƙwai. Don haka aka ɗora mata wani siririn bututu na jan ƙarfe da ke janye zafin ya kai shi bakin kafa, inda wasu ƙarafa suke jere kamar haƙoran matsefi, fanka tana hura su. Tsakanin ƙwaƙwalwa da bututu akwai wani mai toka-toka da ake shafawa, pat, shi ke haɗa su. In matsefi ya toshe, ko fanka ta gaji, ko pat ya bushe, zafi ba shi da hanyar fita. Sai laftof ta ɗauke da kanta kafin ta ƙone. Mai ita yana ta zaginta, ita kuwa ranta take ceto.

Kayan aikina ga su nan, ba wanda zai burge ku. Ƙananan sukundirebobi, tsohon burushin haƙori, alkol na kantin magani, hantsaki, da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. Sai wannan tiren ƙwai da kuke yi wa dariya. A ciki nake jera sukuru, kowane rami da nasa, don ba tsawonsu ɗaya ba. Ka sa dogo a gurbin gajere ya huda plak, ka kashe wa mutum kaya kana murmushi.

Rabin aikina kuwa gyaran gyara ne. Wani ya kai tasa wurin mai faci aka hura mata iskar taya, fanka ta juya har fukafukanta suka kakkarye. Wani ya ji an ce a shafa farin mai, ya matsa mata man goge baki, ta zo mini tana ƙamshin na'ana'a. Wata baiwar Allah ta ji fanka tana ƙara ta ɗiga mata man gyaɗa. Kowa da kyakkyawar niyyarsa. A sana'ar nan ban taɓa ganin mugu ya kashe laftof ba, masu tausayi ne ke kashe ta.

Amma ciwon Brik daban ne. A sauran unguwanni ƙura ce kawai, jar ƙasar Yawunde, ka hura ta tashi. Mu nan da la'asar ta yi, masu soya suka hura wuta a tukuba layi-layi, hayaƙi ɗauke da kitse sai ya bi kowace kafa. Fanka ta zuƙe shi, kitsen ya kwanta a matsefi, jar ƙura ta zo ta manne, su haɗu su zama wani baƙin danƙo kamar kwalta. Wannan ba ya huruwa. Sai ka jiƙa shi da alkol, ka bi haƙori-haƙori da tsinke, bayanka na ciwo. In na buɗe laftof, kafin mai ita ya faɗi layinsu hancina ya gaya mini. Har in gaya masa maƙwabcinsa yana cika citta a yaji.

Haka muke tafe, ana ci ana sha, sai shekarun rikici suka zo. Fanka da pat da bututu, yawancinsu ta hanyar Bamenda suke shigo mana daga Najeriya a jakar 'yan kasuwa. Da yankin Ingilishi, inda Bamenda take, ya ɗauki wuta, mai kawo mini kaya ya ce ransa ya fi masa fanka, kuma ban ga laifinsa ba. Ana cikin haka annobar nan ta zo aka rufe iyakoki, abin da ke shigowa ta Duwala ma ya tsaya. Kasuwa ta cika da jabun pat, fari fat kamar alli, ka shafa yau, kafin wata ya kama ya zama gari. Na koma cirewa daga matacciya in sa wa mai rai. Har tsohon pat nake kankarowa daga gawar kwamfuta in kwaɓa da ɗigon alkol. Ga aiki ya yi yawa, don an rufe makarantu kowa yana gida yana wasa, ga shi ba abin yin aikin. Babu abin da ya fi wannan cin rai ga mai sana'a: ka san ciwon, ka san maganin, ka ce wa mutum ya tafi Allah ya kyauta.

A wannan shekarar ce Garba mai soya ya shigo shagona wata safiya da wani saurayi a bayansa. Garba sa'ana ne, tare muka tashi, tukubarsa tana can gangaren unguwa. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya, tun daga kwanar layi za ka ji shi. Saurayin dogo ne siriri, ya rungume wani abu a ƙirji, a naɗe cikin zanen mace.

"Malam Iliya, ga ɗan ƙanwata, Usmanu. Daga Bamenda suka zo. Duba masa abin nan don Allah, shi ke nan abin da ya fito da shi."

Usmanu ya warware zanen, ga baƙar laftof mai nauyi irin ta wasa. Ina kwance sukuru Garba yana ba ni labari. Ashe ɗakin wasa Usmanu yake da shi a unguwar Hausawa ta can, yara na zuwa suna biya suna buga ƙwallo. Wata rana aka cinna wa layin shagunansu wuta. Ya fito da matarsa Hadiza da yaransu ƙanana da wannan laftof ɗin. Babur ɗinsa ya bar wa maƙwabci ajiya. Garba ya ba su ɗaki a bayan gidansa, ya kuma gwada shi a sana'arsa.

"Na ba shi wuƙa," in ji Garba, ya rage murya. "Yana ganin jini ya ajiye ta, ya fita ya yi amai. Ban sake ba shi ba."

Ban tambayi abin da ya gani a can ba. Garba dai sai ya kafa masa tebur a gefen tukuba, ya jawo masa waya daga mitarsa, ya ba shi benci. Masu jiran nama su zauna biyu-biyu, kowa da manet, abin danna wasa, a hannu, su buga kafin tsire ya gasu.

"Baba, a tsakiyar wasa take mutuwa," in ji Usmanu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, Hausarsa da ɗan karin Fijin. "Mutum yana cin abokinsa sai ta ɗauke. Wanda ake ci ya ce ikon Allah, wanda ke ci ya ce haɗa baki muka yi. Jiya har benci aka kifar. Sun fara tafiya wurin wani a Ekudu."

Da na ɗaga murfin, tabɗi! Matsefin ba ka ganin haƙori ko ɗaya, kwalta ta shafe shi. Na wuni a kansa da tsinke. Da ya fita, na kaɗa fanka da yatsa na kara kunne, sai na ji tana gurnani, tana karkacewa, gindinta ya cinye. Na cire bututu, na karɓo kofin ruwan zafi wurin mai shayi na tsoma baki ɗaya a ciki. Lafiyayyen bututu, nan take ɗaya bakin zai ƙona maka yatsa. Wannan kuwa sai da ruwan ya huce ina riƙe da shi. Ya mutu, ƙarfe ne kawai ya rage.

Na ce, "Usmanu, fanka sabuwa take so da bututu, kuma sai irin nata. Kafin a samu, ka ɗauke ta daga hayaƙin nan."

"In kai ta ina, Baba? Masu jiran nama su ne masu wasan. Wutar ma ta Kawu ce."

Gaskiyarsa ce. Hayaƙin da ke tara masa mutane shi ke shaƙe ta.

Sai ya ce, "Baba, ka gaya mini gaskiya. In ba za ta yi ba, in koma. Babur ɗina yana can, in yi bensikin da shi, in riƙa ɗaukar fasinja. Ba zan zauna Kawu yana ciyar da ni da matata da yara ba, shi ma ga nasa."

"Ka koma gidan uban wa?" Garba ya daka masa tsawa. "Mai babur a garin nan yanzu, 'yan aware su ce ɗan leƙen asiri ne, sojoji su ce ɗan aiken 'yan aware ne. In ka sake faɗin haka sai na ci mutuncinka. Malam Iliya zai gyara. Ko ba haka ba?"

Na ce zan nemo. Daga ranar na san ba fanka kawai nake nema ba.

Kafin nan na yi mata dabarun talaka. Na shafa mata ragowar pat mai kyau da nake ɓoyo. Na sa marafan kwalba a ƙarƙashin kusurwoyinta don iska ta samu hanya. Na shiga cikin wasan na rage masa ado, 'yan kallo suka zama kamar zanen kwali, ciyawa ta zama kore kawai. Na ɗaura mata guntun gidan sauro inda take zuƙar iska, na ce a tsayar da kwali tsakaninta da tukuba. Na kuma ce duk wasa ɗaya a bar ta ta huta. Ta daina ɗaukewa a tsakiya, amma hutun ya zama wani ciwon. Saurayi da jininsa ke tafasa, an ci shi yana son ramawa, ka ce masa ya jira inji ya huce? Sai ya karɓi namansa ya wuce Ekudu. Kullum da safe Usmanu zai hawo shagona ya gaishe ni, ba ya tambaya, idonsa ne ke tambaya.

Na shiga yawo. Duk mai gyaran da na sani a garin nan na je masa. Wanda ke da ita ya ɓoye, wanda ba shi da ita ya yi mini dariya. Na bi masu tara tarkacen lantarki a Elig-Edzoa, can gefen layin dogo, ina tona tsibin gawarwakin kwamfuta a ƙarƙashin kwano, ruwan sama na ɗiga mini a ƙeya. Da sassafe zan rufe shago in shiga taksi, in ban samu ba in taka da ƙafa, gwiwa tana kuka a tudu. Sai in dawo da fanka in gwada, ramin sukuru ɗaya ya ƙi hawa.

Ana nan sai Usmanu ya daina zuwa. Na tambayi wani mai kai nama, ya ce, "Ai laftof ta warke, Baba. Layi ake yi a teburin, har 'yan Ekudu sun dawo." Na ce alhamdu lillahi. Amma abin ya tsaya mini a rai, don na san abin da na bari a cikinta, mataccen bututu ba ya tashi da kansa.

Ranar da na samu, wani tsoho ne ya jawo mini wata daga ƙarƙashin tsibi, fuskarta a farfashe, amma irin ta Usmanu ce sak. Na buɗe ta a nan tsugune. Fanka tsaf, na hura mata baki ta juya ba ko ƙara. Na roƙi ruwan zafi wurin wata mai abinci na tsoma bututun, ya ƙona mini yatsa. Ban taɓa jin daɗin ƙuna irin na ranar ba. Ko shago ban biya ba, na zarce gangaren unguwa.

La'asar ta yi, wuta ta kama a tukuba, samari sun cika benci. Ina isowa aka tashi wasa, ana ihu. Sai na ga Usmanu ya rufe laftof ya miƙa wa kawunsa. Garba ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya juya ya buɗe firizar da yake ajiye nama, ya kwantar da ita a kan cinyar saniya, ya rufe. Ya hango ni ya washe baki.

"Malam Iliya! Zo ka ga ilimi! Kai kana can kana yawon neman fanka, ni mai wuƙa na gama aikin. Zafi ne ciwonta, ga sanyi kyauta. Kafin su cinye tsinke ɗaya ta huce."

Na matsa kusa da firizar. Na ce, "Garba, tun yaushe?"

"An kwana biyu. Me ya faru?"

Ya buɗe firiza ya ɗauko ta. Farar raɓa ta rufe murfin, tana fitowa cikin zafin tukuba ta hau gumi, ruwa na bin gefenta yana ɗiga a tebur. Usmanu ya sa gefen rigarsa ya goge, ya kai yatsa zai kunna. Na fizge ta daga hannunsa. Samari suka hau ni da surutu, wani yana cewa tsoho ya zo ɓata musu layi.

Na ɗauki kofin ruwan sanyi da ke kan benci na miƙa wa Garba a fuska. Na ce, "Dubi bayan kofin nan. Wa ya jiƙa shi? To abin da ya yi wa kofi a waje, shi yake yi wa plak a ciki. Ka goge murfi, wa zai goge cikin? Kowace fitowa wanka kake yi mata, sannan ku jona mata wuta!"

Dariyar Garba ta ɗauke. Ya kalli kofin, ya kalli ɗan ƙanwarsa. Ya ce, "Ni taimako na yi, Malam Iliya."

Na ce, "Na sani."

Washegari na buɗe ta a gabansu. Plak ya yi fure, wani kore-kore da fari-fari ya bi ƙafafun komai kamar burodin da ya kwana a leda. Na wanke da alkol da burushi, na bi lungu-lungu, na shanya a rana, na sake wankewa. Na ɗaura sabon bututu da fanka. Na kunna, ta kawo. Muka sa wasa da cikakken adonsa, aka buga har aka tashi, aka sake bugawa, ko gezau. Na ɗora tafin hannun Usmanu a bakin kafa na ce ya ji. Iska mai ɗumi tana fita a hankali, daidai yadda ake so. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Amma na gaya masa, don ba na ɓoye wa mai kaya. Na ce, "Ruwa ya shiga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can burushi ba ya kaiwa. Tsatsa in ta fara, ba ta jiran izinin kowa. Ka yi addu'a."

Ta yi masa 'yan kwanaki masu kyau. Hadiza har ta aiko mini da kunun gyaɗa. Sannan wata yamma, ana tsakiyar wasa, fuskar ta yi baƙi. Ba zafi a jikinta ko kaɗan. Suka jira ta huce kamar da, suka kunna, fanka ta juya, fuska shiru.

Ba abin da ban yi ba. Na sake wankewa. Na bi hanyoyin wuta ɗaya bayan ɗaya da mita. Na gasa ƙwaƙwalwar da iska mai zafi ko dalmar ƙarƙashinta za ta sake kamawa. Na koma wurin tsohon nan na Elig-Edzoa don plak ɗin waccan, na tarar a tsage yake tun asali. Na aika Duwala, aka ce sai an buɗe iyaka. Usmanu yana zaune a kan wannan bencin da kuke kai, yana kallona. Daga ƙarshe ya taso da kansa ya ɗora hannu a bakin kafa, kamar yadda na koya masa. Ya daɗe a haka.

"Baba, iskar sanyi ce."

Na ce, "Sanyi ce."

"Wato babu abin da ke aiki a ciki."

Na ce, "Babu."

Ya yi mini godiya, har da durƙusawa. Wannan godiyar ta fi mini zagi ciwo. Ya ce in riƙe laftof ɗin ko wani abu a jikinta zai yi wa wani amfani, ya naɗe zanen matarsa ya fita da shi.

Garba ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya kira dattawan layi. Har kuka ya yi a gaban mutane, ƙato kamarsa. Usmanu ya ce ba zama zai yi ba, babur kawai zai ɗauko, ko ya sayar ya dawo da abin da zai kama sana'a. Ya bar Hadiza da yara, ya shiga mota. Ya kira daga hanya. Ya kira da ya isa, ya ce babur yana nan amma ba a fita da shi daga garin, zai ɗan yi aiki da shi tukuna. Ya sake kira sau ɗaya ko biyu. Daga nan waya ta daina shiga. An tambayi maƙwabcin, ya ce ya fita da safe da fasinja. An tambayi duk wanda ya kamata a tambaya. Har yau ba gawa, ba labari.

Hadiza tana nan, ita ce mai ƙosan da ke gefen tukuba, a kan teburin nan dai. Garba ya sayar da firizar, yanzu kullum sai ya sayo naman da zai ƙare a ranar. Ba a ƙara jin dariyarsa daga kwanar layi ba. An buɗe iyaka, kaya sun dawo, amma an daina yin irin wannan plak ɗin, na nema har na gaji. Ni ma ido ya fara tafiya, sukurun da nake gani da, yanzu sai na laluba. Yaran yanzu a waya suke wasa, in ta lalace su jefar. Ban ga wanda zan bar wa tiren ƙwan nan ba, kuma gaskiya ban ga dalilin da zai sa ɗayanku ya karɓa ba.

Ga laftof ɗin Usmanu can a saman kantar shagona, ban cire ko sukuru ɗaya daga jikinta ba, ko da yake an sha taya fankar. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Garba zai hawo tudun nan, yana haki, ya zauna. Ba ma doguwar gaisuwa. Sai ya ce, "Malam Iliya, jona ta mu gani. In ta tashi sai in aika a gaya masa, ya san yana da abin dawowa."

Sai in sauko da ita in jona. Fanka ta juya, lafiya lau, ba ko ƙara, don fanka ce mai kyau. Garba ya ɗora ƙaton tafinsa a bakin kafa ya rufe ido. Mutumin da tun yana yaro yake taɓa nama, ya fi ni sanin bambancin mai ɗumi da mai sanyi. Ba na gaya masa, shi ma ba ya tambaya.

In ya gaji sai ya ɗauke hannun ya goge a riga, ya ce, "To, bar ta a jone kaɗan."

Sai in bar ta.